Likitan da Malam Ja'afaru Ya Ƙi Gani

Duk wanda ya taɓa ba da aikin babbar riga a unguwar Kwarbai ya san zauren Malam Ja'afaru. Shekara arba'in yana zaune a kan buzu da allura a hannu, yana ƙawata ƙirjin rigunan mutane, shi kuwa tasa rigar ko wuyanta bai samu ya gyara ba. Katangarmu ɗaya da shi, don haka abin da zan faɗa a kan idona aka yi.

Mutum ne mai kunya irin ta mutanen da. 'Yarsa ta fari, Tayyiba, bai taɓa kiran sunanta ba, sai dai ya ce "yarinyar nan". Da ta auri Dokta Zulkiflu na Ƙofar Galadima, sai kunyar ta ninka. In surukin ya zo gaisuwa, ko ruwa Malam ba ya kurɓa a gabansa. Su gaisa kowa na kallon ƙasa, shi ke nan.

Wani ciwo ya same shi bayan ya haura sittin da biyar. Na lura yana yawan ajiye aiki ya ɗauki buta, ya daɗe, ya dawo yana gumi. A masallaci ya koma sahun ƙarshe saboda alwala ba ta zama masa. Ina ta tsokanarsa cewa butar nan ta fi allurarsa aiki, har ranar da ya ja ni gefe ya ce fitsari ne ba ya fita sai ɗigo-ɗigo, da azaba.

Na ce, "Ai faɗuwa ta zo daidai da zama. Kai da ke da likitan mafitsara a gida?" Don kuwa wannan ne ainihin fannin Zulkiflu a babban asibiti, har daga Funtuwa ake zuwa ganinsa.

Ya dube ni kamar na zage shi. "Malam Dogara, in tuɓe wando a gaban mijin ɗiyata? Haba! Kar in ƙara ji."

Ya sa na rantse ba zan gaya wa kowa ba. Matarsa Hajo ma ya hana ta buɗe baki. Daga nan muka shiga yawo. Wani mai kemis ya ce ciwon sanyi ne, ya ba shi ƙwayoyi. Wani mai ganye a kasuwa ya ba shi jiƙo mai ɗaci, ya sha na wata uku, ba abin da ya ƙaru sai rama. A wani ƙaramin asibiti muka samu likita mai tsoron Allah. Ya ce wata tsoka ce a ƙarƙashin mafitsara ke kumbura wa dattawa ta toshe hanya, kuma in aka bar ta, ƙoda za ta taɓa. Ya ce wannan aikin ƙwararre ne, ya rubuta mana suna a takarda. Muna fita Malam ya karanta, ya ga sunan surukinsa, ya yayyaga ta.

Ban haƙura ba, na binciko wani ƙwararren a Kano. Har mun sa rana, sai Malam ya ji cewa makarantarsu ɗaya da Zulkiflu. Ya ce, "Likitocin nan bakinsu ɗaya ne, waya kawai za su yi." Aka fasa. Ni kuma na riƙe rantsuwata kamar wani abin kirki, alhali kaffarar azumi uku ta ishe ni. Wannan wautar har yau tana cin raina.

Wata Litinin bayan azahar ya yanke jiki ya faɗi a zaure, ƙafafu a kumbure, bai san inda kansa yake ba. Muka kwashe shi sai babban asibiti. Zulkiflu ya iso da gudu, ya shiga wurinsa, ya ja labule.

Da ya fito ya tsuguna a gabana, idanunsa jajur. Ya ce, "Baba Dogara, ƙodojin duka biyu sun tafi. Da bara aka kawo shi, aikin awa ɗaya ne. Me ya sa ba wanda ya gaya mini?"

Malam ya farfaɗo a rana ta uku, ina zaune a gefensa. Bai tambayi abin da ya same shi ba. Ya laluba ƙarƙashin mayafi, ya taɓa robar fitsarin da aka sa masa, ya ce da ni a hankali, "Wa ya sa mini wannan?"

Na so in yi ƙarya, bakina ya ƙi. Ya daɗe yana kallona, sannan ya juya fuskarsa bango.

Kwana tara ya ƙara a duniya. Sau uku a rana Zulkiflu ke zuwa duba shi, kuma duk sanda Malam ya ji takunsa sai ya rufe ido kamar mai barci. Haka suka rabu, ko gaisawa ba su yi ba.