Ƙuri'a Ɗaya a Garwar Alhaji

Na ga abubuwa da yawa a duniya, yawancinsu na manta. Amma yammacin da aka ƙirga ƙuri'a a rumfar Alhaji, a Sabo ta Ibadan, yana nan a kaina, kuma ba na jin zai fita sai an rufe ni da ƙasa.

Lokacin Turawa ba su tafi ba, 'yan shekaru suka rage. Ni ɗan dako ne. Na zo Sabo ba ni da kowa, wani Alhaji fatoman goro, mai saukar da fatake da kayansu, ya ɗauke ni. Ya ba ni ɗaki a bayan gidansa, ana aiko min da abinci safe da yamma, ni kuma ina ɗaukar huhun goro daga sito zuwa mota, daga mota zuwa tashar jirgin ƙasa. Shekara shida ina haka. A shekara ta shidan ya yi min alkawari zai sauke ni daga dako, in riƙa raka kaya a jirgi zuwa Arewa. Duk abin da nake da shi a duniya ke nan: ɗaki, kwano, da wannan alkawari.

Takardun kaya a tasha duk da Turanci suke, mu sai dai mu dangwala yatsa ba mu san abin da ke ciki ba. Wannan ya dami Alhaji. Sai ya ɗauko wani ticha mutumin Ilori, Hausa a bakinsa kamar a Kano aka haife shi, ya riƙa zuwa sau uku a mako yana koya mana Turanci daga la'asar zuwa magariba. Mu goma sha takwas ne har da Alhaji. Shi a kan kujera, mu a tabarma. Akwai dillalansa, akwai masu ɗaurin huhu, akwai mu 'yan dako. Duk wanda ke wurin nan a hannun Alhaji yake ci. Ni ban taɓa shiga aji ba, kuma a cikinsu ni ne na baya. Wata huɗu, abin da na riƙe bai wuce gaisuwa da ƙirga ba.

Wata rana ticha ya zo da jarida. Ya ce a Amurka an yi zaɓen shugaban ƙasa, yau darasinmu ke nan. Ya rubuta kalmomi a allo, muna bi. Shugaban nan sunansa da Turanci firesidan, muka yi ta maimaitawa har mata a cikin gida suna dariya. Ya ce a can shekara huɗu-huɗu ake yi, in mutane ba sa son mutum sai su sauke shi.

Wani tsohon dillali ya ce, "Su sauke shi yana da rai? To ina zai sa kansa?"

Ticha ya ce, "Gida zai koma, Baba."

"Kai, waɗannan mutane ba su da kunya."

Mu ma a lokacin ana ta maganar zaɓe a gari, motoci na yawo da lasifika, amma yawancinmu ba mu taɓa ganin yadda ake yi ba. Sai ticha ya ce bari mu yi namu na wasa, mu zaɓi firesidan na aji, don kalmomin su zauna. Ya ce a ba shi ɗan takara. Baki ɗaya aka ce Alhaji. Ticha ya ce sai an samu na biyu. Kowa ya sunkuyar da kai. Wa zai tsaya kusa da Alhaji?

Alhaji ya yi dariya, ya nuna ni da sandarsa. "Ga mai gammo nan. Tashi, kai ne abokin karawata."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a bar ni."

"Tashi mana. Tsoro kake ji?"

Na tashi. Da na san abin da ke gaba, da na ce cikina ke ciwo.

Ticha ya ce kowane ɗan takara ya yi jawabi da Turanci. Alhaji ya fara da kalma biyu, ya zarce da Hausa, ya ce duk wanda ya zaɓe shi zai ci naman rago ranar Juma'a. Aka yi ta "Allah ya ƙara girma, Alhaji!" Ni da aka zo kaina na ce "Gud ibinin," na zauna. Aka bushe da dariya, har da masu riƙe ciki.

Aka kawo garwar kananzir biyu marasa komai, aka kai lungun rumfa, aka rataya tabarma ta kare su. Ticha ya ɗora hula a gefen ɗaya, ta Alhaji ke nan, ya ajiye gammo a gefen ɗayar, tawa ke nan. Ya yayyaga takarda ya ba kowa guntu. Ya ce mutum ya shiga shi kaɗai, ya jefa inda ransa ke so, ba mai ganinsa sai Allah. Ya nanata wannan har sau uku, ya ce nan ne duk sirrin abin yake.

Alhaji ya fara shiga. Sauran suka bi ɗaya bayan ɗaya, kowa ya fito sai ya ɗaga wa Alhaji hannu. Ni na shiga a ƙarshe. Ban tsaya tunani ba, na jefa a garwar hula. Mutumin da ya ci da ni shekara shida, wa zan jefa wa in ba shi ba?

Ticha ya ce mu ƙirga tare, da Turanci. Ya fara ɗauko tawa, wai a gama da ƙarama tukuna. Ya kife ta a kan tebur. Takardu suka zubo, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Ya ɗaga ta farko muka ce wan, ya ɗaga ta biyu muka ce tu, ana dariya. A ta biyar dariya ta ragu. A ta tara muryoyi suka fara ɗaukewa. Daga ta goma sha biyu ticha kaɗai ke ƙirgawa. Goma sha bakwai.

Ya kife garwar Alhaji. Guntun takarda ɗaya ya faɗo. Ya girgiza ta, ya buga gindinta, ya leƙa ciki. Ba ƙari.

Na taɓa ganin mota ta kife da mutane, ban ji abin da na ji a lokacin nan ba. Na dubi mutanen nan, kowa bakinsa a buɗe yana kallon na kusa da shi. Ba wanda ya san haka za ta fito.

Tsohon dillalin nan ya yi ƙoƙarin gyarawa. Ya ce, "Malam, ai garwar ka musanya. Waccan ce ta Alhaji."

Hanya ce ya buɗe, da ticha ya bi ta da kowa ya tsira. Amma shi mutumin littafi ne. Ya ce, "A'a, Baba, ban musanya ba. Haka zaɓe yake." Har ya juyo ya miƙo min hannu yana murmushi, ya ce, "Mista Firesidan." Ban karɓa ba.

Alhaji bai ɗaga murya ba. Ya miƙe, ya gyara rigarsa, ya ce, "Ni a garwar gammo na jefa tawa. Babba ba ya zaɓen kansa. Ke nan a cikinku akwai mutum ɗaya da ya zaɓe ni. Ko wane ne, na gode masa." Ya shige gida. Ba a kira magariba ba tukuna, amma kowa ya ɗauki takalminsa.

A hanyar masallaci wani mai ɗaurin huhu ya riƙo hannuna. Ya ce, "Wallahi ɗan'uwa, tausayinka na ji. Na san kowa Alhaji zai jefa wa, na ce kada a kife garwarka ba ko ɗaya, ka ji kunya." Kafin lisha mutum biyar sun faɗa min irin wannan. Kowa ya ɗauka shi kaɗai ya yi min kara. Na yarda da wasu. Amma akwai wani dillali da ya raɗa min cewa shi da gangan ya yi, ya daɗe yana neman inda zai ce wa Alhaji a'a ba a gan shi ba. Su nawa ne irinsa, har yau ban sani ba. Alhaji ma bai sani ba, kuma abin da ya hana shi sakewa ke nan.

Washegari labari ya cika Sabo. In na ɗauko huhu, tun daga bakin sito ake min kirari, "Firesidan! A ba firesidan hanya!" Har Yarbawa masu mota sun ɗauka. Masu gaba da Alhaji a kasuwar goro suka samu abin taunawa, wai yaransa sun sauke shi sun naɗa ɗan dako. Ticha kuwa an aika masa kada ya sake zuwa.

Sai mutanen aji suka fara zarya zauren Alhaji. Kowa ya faki ido ya shiga shi kaɗai, ya durƙusa, ya ce ƙuri'ar nan ɗaya tasa ce. Har da dillalin da ya ce da gangan ya yi, na gan shi da idona yana fitowa. Ni ban je ba. Na ɗauka tunda gaskiyar tawa ce, ba inda za ta je. Kuma ban iya irin wannan magana ba.

Rana ta uku da hantsi aka ce Alhaji na kirana. Na same shi shi kaɗai, ga faifan goro a gabansa bai taɓa ba. Na durƙusa na gaishe shi. Ya daɗe yana kallona.

Ya ce, "Kai fa? Wa ka jefa wa?"

Na ce, "Kai, ranka ya daɗe."

Ya yi wani murmushi da ban taɓa gani a fuskarsa ba. Ya ce, "Kai ne na goma sha bakwai da ya faɗa min haka. Takarda ɗaya, masu ita goma sha bakwai."

Na ce, "A kawo Alƙur'ani."

"Su ma duk sun ce a kawo. Ba zan sa mutum goma sha shida su yi rantsuwar ƙarya a zaurena ba." Sannan ya ce, "Wataƙila kai ne. In na auna, ka fi su kama da mai gaskiya. Amma ba zan iya korar mutum goma sha shida ba, kuma ba zan iya fita ƙofar gidana kullum ana kiran ɗan dakona firesidan ba. Ka nemi wani wuri."

Na ce, "To." Ban roƙa ba. Na je na naɗe tabarmata, na ɗauki gammona. Mutanen da suka ji tausayina a bayan tabarmar zaɓe suna zaune a ƙofar sito, ba wanda ya ɗaga kai.

Na koma tasha ina dakon duk abin da ya samu, doya, gishiri, akwatin matafiya. Wata uku ina kwana a barandar wani shago kafin in samu ɗaki. Rakiyar kaya zuwa Arewa, wani aka ba. Ban riƙe Alhaji a zuciya ba. Da ya rasu na je jana'iza, na ɗauki makara, ai ɗauka ce sana'ata.

Daga baya na yi zaɓe na gaske sau da yawa, na ga an sauke manya an ɗora wasu, ba wanda ya girgiza ni kamar na garwar kananzir. Abin da na koya guda biyu ne. Mutum in ya shiga inda ba a ganinsa, ko shi bai san abin da taron irinsa zai haifar ba, saboda haka ba na auna kowa da hannun da ya ɗaga min a fili. Na biyu, in gaskiya tana hannunka, kai ta da wuri. Ni na bar tawa ta kwana uku, da na kai ta na tarar mutum goma sha shida sun riga ni sayar da irinta.