Ranar da Motar Bulo Ta Ƙi Gaba Ta Ƙi Baya

Ƙarfe tara da minti ashirin na safiyar wata Laraba ne, kuma har yau ina iya faɗin waɗanda ke wurin: insifekta da ya zo daga Tawa, direktanmu Malam Haruna, ni, da ɗalibai goma sha ɗaya na sashen kanikanci. Muna tsaye a filin makarantar koyon sana'a ta garinmu, a yankin Illela. A tsakiyarmu akwai mota wadda tsawonta bai wuce kamu ɗaya ba. Kafin in faɗi abin da ta yi, sai na fara faɗin yadda aka yi ta zo wurin.

Sunana Sani, ɗalibai suna ce mini Metir, wato malam. Karatuna na lakwal, wato boko, bai yi nisa ba. Na yi shekara ashirin da biyu a gareji a Ƙonni kafin a ɗauke ni koyarwa. A shekarar da nake magana, tsohuwar mota kat-kat da muke koyo a kanta ta aro ce, mai ita ya zo ya ja abarsa. Wata biyu muna zana giyar mota a allo. Sai direkta ya kira ni buro, ofishinsa.

"Metir Sani, insifekta na tahe nan da sati ukku. In bai ga ɗiyan nan suna aiki da hannu ba, za a ruhe sashenku. A raba su, wasu walda, wasu kahinta."

Na ce masa na ji.

A ƙarƙashin teburina akwai wani kwali da na yi wata huɗu ban buɗe ba. Wani tsohon ɗalibina ne da ya dawo daga cin rani ya kawo mini shi tsaraba. Ƙananan bulo ne na roba, na wasan yara, masu shiga cikin juna. Lokacin da ya ba ni na ji haushi, don ban ga abin da mai furfura zai yi da kayan wasa ba. Ranar nan na zazzage shi a kan tabarma. Na tarar da giya manya da ƙanana, da sanduna, da rasor huɗu, wato sifirin, da moter biyu, wato ƙananan injuna, da telekomandi mai maɓalli biyu na sarrafa mota daga nesa, da tayoyi huɗu kowace ta kai tafin hannu. Takardar bayani babu. Hoton da ke jikin kwalin kaɗai ya rage: wata mota mai ƙaramin jiki a kan manyan tayoyi tana taka wasu motoci.

Na tsara aikin kamar yadda nake tsara kowane aiki. Na farko, muka ware kayan a cikin tasoshi, kowane iri da tasarsa. Na biyu, muka gina shasi, wato ƙashin motar. Na uku, na raba ɗalibai gida biyu, ɗaya ya yi pon na baya, ɗaya na gaba. Ga wanda ba makanike ba: pon shi ne abin da ke riƙe taya biyu yana juya su. A tsakiyarsa akwai babbar giya da muke ce wa kuron. Sanda ɗaya, kardan, ita ke ɗauko ƙarfi daga moter ta kai wa kuron na gaba da na baya.

Dokata a kan tabarma ɗaya ce tun ina gareji. Duk abin da ka kwance, ka jera shi daga dama zuwa hagu bisa yadda ya fito. In za ka mayar, ka fara daga hagu. Wanda ya tsallake tabarma ko ya ɗauki abu daga tsakiya, ya fita waje.

Wadda ke jagorantar masu pon na gaba ita ce Zainabu, mace ɗaya tak a sashen. 'Yar Badaguishiri ce, ta tashi tana kwance injin ban ruwa na lambun albasar mahaifinta. Ba ta da yawan magana, amma hannunta ba ya rawa.

Kwana biyu kafin zuwan insifekta na zo duba aiki. Na ga kuron na baya yana gefen hagu na motar, na gaba kuma Zainabu ta sa shi gefen dama. Idona bai yarda da wannan ba.

"Wa ya sa wannan a dama?"

"Ni ce, Metir. Na juya sandar da hannu, na ga..."

"Ban tambaye ki abin da kika gani ba. Mota ɗaya, giya ɗaya hagu ɗaya dama, kamar kunnen jaki? Mai da shi hagu."

Wani ɗalibi ɗan Tajaye, Ila, ya yi dariya ya ce, "Wanga ba injin albasa ba ne, Hajiya!"

Ta dube shi, ta dube ni, ta mayar da shi hagu.

Pil, wato batir, shida kaɗai gare mu, an kawo su daga Ƙonni. Na gwada kowane pon shi kaɗai, ya juya. Daga nan na cire pil na sa a aljihu, na hana kowa ya ajiye motar a ƙasa, don kada rairayi ya shiga giya kafin baƙo ya gani.

To, mu koma ƙarfe tara da minti ashirin. Mun tara tudun rairayi, mun jera gwangwanayen tumatir a gabansa don motar ta taka. Insifekta ya riƙe takardunsa, ya dubi motar ya ce, "Wannan ne kayan aikin naku?"

Na ce, "Shi ne, ranka ya daɗe. Abin da ke cikin babba yana cikinta."

Na danna maɓalli. Moter ya yi ƙara. Tayoyin baya suka tura gaba, na gaba suka tura baya. Motar ta takure wuri ɗaya, ta yi tsalle kamar akuyar da aka ɗaure, ta watsa wa direkta rairayi a takalmi. Na danna baya, ta miƙe tana neman tsagewa biyu. Ko taƙi ɗaya ba ta ci ba.

Insifekta ya buɗe biro ɗinsa.

A nan na gane. Shekara ashirin da biyu pon yana zuwa mini a haɗe daga kamfani, ban taɓa zaɓa wa kuron gefe ba. Pon biyu suna fuskantar juna ne, sanda ɗaya a tsakaninsu. In an sa kuron duka a gefe ɗaya, dole tayoyin su yi gaba da juna. Abin da Zainabu ta gani ke nan da ta juya sandar da hannu, na hana ta ƙarasa faɗa.

Zan iya cewa pil ne suka yi sanyi. Direkta ma ya fara buɗe baki zai faɗi haka. Na riga shi.

"Ranka ya daɗe, kuskuren nan nawa ne. Wannan ɗaliba ta haɗa shi daidai, ni na sa ta ɓata. Ina roƙon minti ashirin."

Ya dubi agogonsa ya ce, "Goma sha biyar. Kuma kai kada ka taɓa."

Aka shimfiɗa tabarma. Zainabu ta zauna, ta ce wa Ila, "Mai albasa na son mai riƙe taya. Taho." Ya zo da sauri, ba dariya. Ta cire tayoyin gaba, ta cire rasor, ta cire sandar sitiyari, ta buɗe pon. Kowane abu tana jera shi daga dama zuwa hagu. Na tsaya hannuwana a baya, ina ƙirga su a zuci. Ashirin da bakwai, ba ɗaya da ya fita layi. Ta juya kuron zuwa dama, ta fara mayarwa daga hagu.

Da ta kai ga mayar da tayoyin, insifekta ya tsuguna kusa da ita. "Me ya sa dama?"

Ta nuna masa kardan ta ce, "Juya da hannunka, Malam, ka dubi tayoyin." Ya juya. Huɗun suka tafi gaba tare. Ya tambayi Ila me ya sa tayar waje ke fin ta ciki gudu a kwana, Ila ya nuna masa ƙananan giyoyin da ke cikin kuron. Ya tambayi wasu uku, kowa ya amsa da hannunsa a kan motar.

Minti goma sha biyu ta gama. Na miƙa mata telekomandi, don ita ta cancanta. Motar ta taso, ta taka gwangwanayen nan ɗaya bayan ɗaya, rasor suna lanƙwasa, ta hau tudun ta tsaya a samansa. Ɗaliban ɗinki da ke leƙe ta taga suka yi guɗa.

Insifekta ya yi rubutu mai tsawo. Da zai shiga motarsa ya ce wa direkta sashen zai ci gaba, kuma a nemo mana pon na gaske. Ni kuma ya ce mini, "Metir, wa ya koya musu jerin nan na tabarma?"

Na ce, "Ni ne."

Ba a rufe sashen ba har na yi ritaya. Zainabu yanzu tana da rumfar gyara a garinsu, na je na gani, tabarmarta a shimfiɗe, daga dama zuwa hagu. Motar tana buron direkta, kuron ɗinta na gaba yana dama.

Ina alfahari da jerin da na koya musu, don shi ya cece mu a minti goma sha biyu. Amma son jerin ne ya sa na ƙi sauraron rabin magana. Ku da kuka gaje ni a wannan aiki, ga roƙona: in kun ga ɗalibi ya sa abu a gefen da ba ku saba ba, kuma ya ce muku "na ga...", ku rufe baki ku bar shi ya ƙarasa.