Hancin Delu Mai Daddawa

Delu mai daddawa ba ta iya ganin abu ba ta sunsuna ba, kuma ba ta taɓa ɓoyewa ba. Ko a gidan suna aka miƙo mata tuwo, sai miya ta je hanci kafin ta je baki. Shekara arba'in muna katanga ɗaya a Ƙofar Atiku. Da hancin nan take ci. Idan ta dafa kalwa ta rufe a kwando, ba ta ƙidaya kwana. Buhun da ta rufe kwandon da shi take ɗagawa ta shaƙa, ta san ta nuna ko da saura.

Bara da damina mura ta kama ta. Da murar za ta tafi, ta tafi mata da jin ƙamshi. Delu ta kasa zama. Ta sunsuna tafarnuwa, ta sunsuna kananzir, har majema ta je inda warin fata ke korar mutum. A banza. Miya ma ta koma ruwan gishiri a bakinta.

Zulaihatu, ɗiyar ƙanenta, nas ce. Ta ce, "Gwaggo, ba toshewa ba ce. Can rufin hanci akwai 'yan jijiyoyi masu kama ƙamshi su kai wa ƙwaƙwalwa. Su ne mura ta lalata. Suna sake tsirowa, amma a hankali. Ki riƙa shaƙar kanumfari da citta da lemun tsami safe da yamma."

"Wata nawa?"

"Allah masani."

"To ke mi kinka sani?"

Delu ta bi maganar duk da haka. Sana'a kuwa ba ta bari ba, sai ta koma ƙidayar kwana. Zafin Sakkwato bai san ƙidaya ba. Sau biyu kalwa ta wuce, ta ruɓe. Mu maƙwabta muka yi mata kara, muka saya muka zubar. Wata mata daga Arkilla ce ta maido mata daddawa a gaban masu saye, ta ce ruɓa ce.

Delu ta faɗo gidana ko sallama babu.

"Hafsatu, kin sani?"

"Na sani."

"Kunka bar ni ina sai da ma mutane ruɓa?"

"Kara munka yi miki."

"Kara ta kashe min kasuwa!"

Yau wata bakwai. Ƙamshin kanumfari ya fara dawo mata sama-sama, kalwa shiru. Duk ranar buɗe kwando tana bin gidajenmu, mayafi a karkace.

"Ku taho ku ara min hanci. In ta ɓaci, ku ce ta ɓaci."