Tafin Malam a Jikin Bango

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar maigidana, Malam Buba na Kwandiko, amma sai bana na ga yadda ake dama abin da aka sa masa a ƙugu.

Bijimi ne ya take shi a bakin rijiya. Mai ɗori ya yi iyakar yinsa, ya ce a tafi Kano. Can aka sa masa ƙarfe, aka liƙe shi da abin da likitoci ke kira siminti. Ya dawo da ƙafarsa yana tsokanata, wai shi yanzu ginin zamani ne, ni ce ta laka.

Damina huɗu ya yi yana bin shanunsa, sannan ƙarfen ya fara motsi. Ya ɓoye, amma ni ba a ɓoye mini. Na ga ya soma dafa bango in zai tashi daga sujada. Aka ce sai an sake aiki, aka kuma ce zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Mutumin da sahun gaba bai taɓa wuce shi ba ya koma salla a zaune a bayan ƙofa, don kada yara su gani. A haka ya cika.

Bana ni ma na zame a gidan ɗana a Birnin Kudu, ƙugu ya karye. Na ce wa likita ba mai taɓa ni sai na ga abin damun simintin.

Ya yi dariya. "Inna, fura za ki saya?"

"Ko fura ba na sha sai na ga ƙwaryar."

Ya kawo wani rufaffen mazubi mai tiyo. Ya ce a da a buɗaɗɗen kwano ake damawa, iska ta shige ta bar ƙananan ramuka a ciki. Wannan kuwa zuƙe iskar yake yi.

Na ce, "To iska ce ta zaunar da Malam?"

Ya ce, "Ba zan rantse ba, Inna. Yana yiwuwa."

Da Malam yana raye, na san cewa zai yi ta laka ma ta waye, ya yi dariya har da tari. Ba zai zargi kowa ba. Ni ce mai riƙo.

An yi mini aikin. Yau a tsaye nake salla, a ɗakinsa. Shanun an raba, rijiyar ta ƙafe. Abin da ya rage shi ne gurbin da tafinsa ya goge a jikin bango, wanda na hana a yaɓe. Ƙafata ba ta bukatar bango, amma in zan tashi daga sujada, nan nake dafawa. Allah ya tashe shi a tsaye.