Bakaniken da Ba Ya Taka Ƙanƙara

Kowa a garinmu ya san Jumatai aga, kamar yadda muke kiran dattijon don girmamawa, ba ya taka tafki. Da zarar sanyi ya kama, ruwa ya daskare, rabin gari kan koma kan ƙanƙara: masu kamun kifi da bokitansu, yara da wasansu, motoci suna yanke hanya zuwa ƙauyukan tsallake. Shi kuwa iyakarsa wani baƙin dutse a bakin gaɓa. Ko hularsa iska ta fizge ta jefa gabansa kaɗan, sai dai ya tsaya kansa a buɗe har wani ya miƙo masa. Abin mamakin shi ne, duk motar da ke tsere a kan tafkin nan daga garejinsa ta fito.

Ni surukinsa ne, mijin 'yarsa Sholpan. Magani nake sayarwa a kemis ɗin bakin kasuwa, don haka tun ranar da muka je neman aure ya laƙaba mini Likitan Tari, har yau ban ji sunana na gaskiya a bakinsa ba. Abu biyu nake tsoro a duniyar nan, shi da tafkin, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa ba.

Dalilin da ya raba shi da tafki ba daga bakinsa na ji ba, surukata ce ta ba ni labarin muna shan shayi. Yana saurayi, shi da wansa Sagindik suke jigilar kifi da babbar mota ta kan ƙanƙara. Mutanen tafki suna da ƙa'idarsu tun kaka da kakanni. Ba a ɗaura bel. Ba a rufe ƙofar mota, direba kan tokare ta da gwiwar hannu don ya samu hanyar tsalle. Kuma mutum biyu ba sa jerawa kafaɗa da kafaɗa, sai a ware, don kada nauyi ya taru wuri guda. Wata rana a ƙarshen sanyi Jumatai yana gaba a ƙasa, yana bubbuga ƙanƙara da sandar ƙarfe, Sagindik yana biye da motar a hankali. Iska ta ishe shi, ya ja ƙofar ya rufe. Kafin Jumatai ya waiwayo, gaban motar ya riga ya shige. Abin da ya gani na ƙarshe tafin hannun wansa ne a jikin gilas.

Daga nan ya koma walda da kanikanci. Da samarin gari suka fara tseren tsofaffin motoci ƙirar Jiguli a kan tafki, su direbobin tasi da masu shago da wani mai cire haƙori, sai da ya zage su tas. Da ya ga ba za su bari ba, ya ce wa shugabansu Kenjebek, "Tunda kun rantse sai kun mutu, kawo akwalar taka in gani."

Ba ya taɓa inji sai ya gama da sauran motar. In ka zo masa da maganar ƙarin gudu, zai ce ka je ka sha shayi ka dawo da hankalinka. Kujerun baya yake fara fitarwa, da kafet, da duk wani tarkacen da zai iya tashi ya doki kan mutum. Ya haɗa keji na bututun ƙarfe a ciki, ya bi kowace gaɓar walda da guduma yana sauraro. Batir ya ɗaure shi da ƙarfe, ba da igiya ba. Gilasan gefe ya cire, ya sa roba wadda gwiwar hannu ɗaya za ta fitar. Tayoyi kuwa mu ne bayinsu, ni da Sholpan: a huda, a zura kusa ta ciki, a ɗaure noti ta waje don tayar ta kama ƙanƙara, ɗaya bayan ɗaya har yatsu su daina ji. Kusa ɗaya ta karkace, ya dawo maka da tayar gaba ɗaya.

A bayan garejin akwai ƙwarangwal ɗin wata mota da ya soke a jikin doguwar sanda kamar naman gashi. Duk wanda zai yi tsere sai ya shiga, an ɗaure shi, an ja masa hula ta rufe ido, sannan Jumatai ya juya ta ƙafafu sama. Hannu ɗaya a tokare rufi, ɗaya a maɓallin bel, gwiwar hannu a taga, a fita. Wanda ya yi jinkiri a sake juya shi.

"Haba aga," in ji Kenjebek yana rarrafowa fuska jawur, "yanzu na ci naman doki!"

"Ka ci na jaki ma. Koma."

Ranar tsere kuma shi da kansa yake ɗaure kowane direba a bakin gaɓa, gefen dutsen nan. Belolin 'yan kulob ɗin tsofaffi ne, na gwanjo, in sanyi ya kama su ƙarfen ba ya motsi sai mutum ya tsaya daga waje ya ja da nauyin jikinsa. Sai ya kafa gwiwa a jikin kujera, ya ja har ka ji haƙarƙarinka na ƙara, sannan ya gwada cusa hannu tsakanin bel da ƙirjinka. In hannu ya shiga, bai ɗauru ba.

Na taɓa yin ƙarfin hali na tambaye shi. "Ata," na ce masa, wato Baba, "ku da kuka ce ba a ɗaura bel a kan tafki, yaya kuke ɗaure mutane haka?"

Ya amsa yana goge sifana. "In mota ta kife, bel ne zai cece ka. In ta nutse, shi zai riƙe ka. Ni kuma ba a gaya mini wanne ne zai zo." Ya jefa sifanar a akwati. "Kullum na ɗaure yaron mutane, Likitan Tari, abinci ba ya wuce mini sai ya dawo."

To a bana sai ga Sholpan ta ce za ta shiga. Ita ke tuƙa motar raba burodi, duk lungun garin nan ta san shi da santsinsa, kuma a garejin ta girma tana miƙa sifana. A kan tebur ta faɗa, uwarta na zuba shayi. Na zaci rufin gidan zai tashi. Sai kawai uban ya ajiye kofinsa ya fita. Washegari muka tarar ya janyo wata farar Jiguli cikin gareji ya fara fitar da kujeru.

A tserenmu mutum biyu ke shiga mota, direba da na gefe mai faɗin kwana, wanda kuma zai fita ya tura in an kafe a dusar ƙanƙara. Ban nemi aikin ba. Surukina ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai za ka zauna da ita. Matsoraci nake so, shi ne zai ce mata ta rage." Sati-sati yana juya mu a ƙwarangwal ɗin nan, ita ta fita kamar kifi, ni in faɗo a ka. Kullum yana maimaita mata abu guda: kada ki taka birki a tsakiyar kwana, ki kalli inda kike son zuwa, ba abin da kike tsoro ba.

Ranar ta zo da rana tarwai da sanyi mai sa gashin hanci ya daskare. Su Kenjebek sun huda ƙanƙara sun auna, sun ce ko tirela za ta ɗauka. Ni dai ina jin ta tana gurnani a ƙasa, wani dogon sauti da ke taho daga tsakiyar tafki ya wuce ta ƙarƙashin ƙafafunka. Na sa hular kwano na shiga mota.

Ni Jumatai ya fara ɗaurewa, ya ja har na ga taurari. Ya zagaya wajen Sholpan. Ban ga abin da ya yi ba, hular ta tare ni, na dai lura ya gama da wuri, kuma bai yi mata tsiyar da ya saba yi wa direbobi ba. Ya tura ƙofarta a hankali ya juya mana baya.

Layin tashi yana can ciki, nesa da gaɓa. Muna isa muka shiga sahu, mota biyu a gabanmu. Sholpan ta miƙa hannu za ta gyara madubi, sai na ga kafaɗarta ta taso daga kujera gaba ɗaya. Bel ɗin yana lilo a ƙirjinta, dunƙulen hannu zai shige. Ƙofarta ma ba ta kama ba, ina hango siririn haske ta gefe.

"Sholpan, bel ɗinki!"

Ta duba. Ta ja da hannu biyu, ko gezau. Ta sake ja. "Ya daskare," ta ce. Sannan a hankali, "Da gangan ya bar shi."

"Mu fasa. Wallahi mu fasa, mu koma."

"Yi mini shiru in yi tunani."

Motar farko ta tashi, ta watsa mana ƙanƙara a gilas. Na san kwanar da ke ƙarshen miƙaƙƙiyar hanyar nan, ta kifar da motoci ba ɗaya ba. Na ga kan matata yana dukan bututun keji, na gani ƙuru-ƙuru kamar ya riga ya faru. Ina lalubar maɓallina in fita in ja mata da kaina, hannuna cikin safa ya kasa kama komai, sai na ji hayaniyar mutane ta ɗauke. Kenjebek da ke riƙe da tuta ya sauke ta, bakinsa a buɗe, yana kallon bayanmu.

A madubi na ga surukina. Ya baro dutsen. Yana tahowa shi kaɗai a kan farin fili, ƙafafu a ware, yana jan su ba ya ɗagawa, hannuwa a buɗe gefe da gefe. Wani ya nufe shi zai taimaka, ya daka masa tsawa ya koma. Tafkin ya yi gurnanin nan nasa, tsohon ya tsaya cak, na ce shi ke nan zai faɗi. Ya ci gaba.

Da ya buɗe ƙofarta fuskarsa ba jini, gemunsa ya yi fari da raɓar numfashi. Bai kalle ta ba. Ya kafa gwiwa a kujera ya ja bel na kafaɗa, ya ja na ƙugu, ya ja har ta yi ƙara.

"Baba, numfashina!"

"Kya yi numfashi in kin dawo."

Ya gwada cusa hannu, bai shiga ba. Ya riƙe ƙofar, ya daɗe yana riƙe da ita. Sannan ya maka ta da ƙarfi har motar ta girgiza, muka ji ta kama.

Ban tuna tashinmu ba. Na tuna ina ihun "Hagu! Rage! Rage mana!" tana dariya cikin hular kwano. Zagayen farko muka wuce kwanar lafiya. A na biyu ta shigo da gudu fiye da kima, bayan motar ya zame, tayar gefena ta daki tudun dusar ƙanƙara. Sama ta koma ƙasa. Na ji ƙarfe yana kuka, na ji mun sake juyawa, sannan shiru, muna rataye ƙafafu sama.

Sai na ji ruwa yana zuba. Ɗis, ɗis, sannan shaa. Na ce mun fasa, tafki ne ke shigowa, na fara kalmar shahada da ƙarfi.

"Lagireto ne, Likitan Tari! Ba ka ga tururi ba? Hannu a rufi!" in ji Sholpan.

Hannu a rufi, hannu a maɓalli, gwiwar hannu a taga. Ta riga ni fita, ta janyo ni ta kwala. Na shafa kanta, na shafa wuyanta, ina tambaya ina ke ciwo. Babu komai sai kafaɗu inda bel ya ci. Na zauna a kan ƙanƙarar da nake tsoro na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba.

Jumatai aga yana nan a layin tashi inda muka bar shi. Ashe bai iya komawa ba, ƙafafun sun ƙi. Kenjebek ya ce sun kawo masa kujera ya ƙi zama, sun kawo mota ya ƙi shiga, da muka kife kuma ko motsi bai yi ba. Sholpan ta cire hular kwano ta nufe shi. Ya dube ta tun daga takalmi har gashi, ya kai hannu ya danna kafaɗarta, ta yi 'yar ƙara. Ya gyaɗa kai.

"Kin taka birki a kwana," ya ce.

"Na taka. Zo mu tafi gida, Baba."

Ta saƙalo hannunta cikin nasa. Ya fizge.

"Matsa can. Ba a jerawa a kan tafki. In ta fashe, mutum ɗaya ya isa."

Ta sake kama shi, da hannu biyu wannan karon, ta manna kafaɗarta mai ciwo a tasa. Bai sake fizgewa ba. Haka suka nufi baƙin dutsen a jere, yana jan ƙafa tana jira, ni kuma ina biye daga nesa da huluna biyu a hannu, don kada nauyina ya ƙaru a kan nasu.