Shukar da Ake Ɓoye wa Ruwa

Ruwa ya kece a tashar Talata Mafara, kowa yana rige-rigen rufe kayansa. Wata dattijuwa siririya tana zaune da gwangwanin fenti a cinya. Shukar alobera ce a ciki, mai maganin ƙuna, ganye biyar masu kauri, ɗaya an yanke rabinsa. Ta duƙa a kan shukar, ruwa yana dukan bayanta.

Direban motar Bakura ya leƙo. "Inna, shuka ake ɓoye wa ruwa?"

"Wagga, ƙishirwa ba ta kashe ta, ɗana. Yawan ruwa ka ruɓar da ita."

Ni dai daga inda na fake, rabin ganyen nan nake kallo. Ƙunar wa aka shafa wa? Ba buhu a gabanta, ba ƙunshin kaya. Ko daga ina ta taso, wannan kaɗai ta ɗauko.