Ƙofar da Kogi Ya Bari

Ni dai tun farko ban yarda da maganar katin nan ba. Shekarar da kogin Farin Nilu ya cika ya haura unguwar Kalakla da ke ƙetare, ya narkar da gidajen laka kamar sukari a shayi, matan unguwarmu a Umdurman suka tara dabino da barguna da garin dawa. Wannan duk daidai ne. Sai wata malamar makaranta ta ce a haɗa da kati, kowane gida nasa, a rubuta musu abin da zai sanyaya zuciya.

Na ce mata, "'Yata, jaje da ƙafa ake yin sa. Takarda ba ta zama a tabarma, ba ta shan ruwan gida."

Ta ce, "Baba, ai kai za ka rubuta na tsofaffi da ajami, tunda ba wanda ya kai ka kyan hannu."

Nan take na gane akwai hikima a cikin shawarar.

Karatuna bai yi nisan da zai gajiyar da jaki ba, amma hannu kam Allah ya ba ni. Na dama tawada irin ta allo, baƙin tukunya da ƙaro, na fiƙe alƙalamin kara, na zauna ina zuba wa mutane sannu da ruwa, Allah ya mayar da alheri, muna tare da ku. Cikin katunan akwai na taubashiyata da ke zaune can Kalakla, 'yar kawuna, tsohuwa mai baki kamar aska, wadda mijinta ya rasu, 'ya'yanta kuma suna neman abinci a ƙetaren teku. A nata na ƙara da cewa, in ta gaji da wanka ta zo Umdurman, muna da busasshiyar ƙasa.

Ba ta zo ba. Abin da ya zo shi ne labari: kogi bai gama ba, yana shirin dawowa, an kwashe mutanen layinsu an kai su wata makaranta a kan tudu, ita kuwa ta ce ko da igiya ba mai fitar da ita. Ɗaki ɗaya ya rage mata a tsaye, shi ma ya tsage. 'Ya'yanta suka dame ni da waya suna kuka. Na ɗauki sandata.

Na haye gada a bas, muka ratsa unguwar Alshajara, maƙera na ta dukan ƙarfe, daga nan na shiga raksha, keken haya mai ƙafa uku, har inda hanya ta ƙare. Mai rakshar ya ce iyakarsa ke nan. Sauran na taka da ƙafa, rana tsaka.

Ba kare, ba akuya, ba rediyo. Ko ƙuda ban ji ba. Ka san kakanninmu da suka taso daga Yamma za su Makka, da suka yada zango a nan ba su taɓa cewa sun zauna ba. Kullum a hanya suke. Don haka gini da laka ake yi, matafiyi ba ya ɓata siminti. Amma ƙofa mutuncin gida ce, ita ta ƙarfe ake saya, a kafa ta cikin jan bulo. To, lakar duk ta narke ta zama tudu-tudu, ƙofofin kuwa suna nan a tsaye, shuɗiya, koriya, shuɗiya, a jere har ƙarshen layi, kowace a rufe, babu gida a bayanta. Waɗanda suka kawo katunan ba su sami kowa ba, sai suka soke kowane kati a tsagar ƙofarsa. Ina tafe ina ganin rubutuna yana kallona dama da hagu. Ban taɓa jin tsoron hannuna ba sai ranar.

Tun daga nesa na hango ta zaune a gadon igiya ƙarƙashin dalbejiya, tunda ba katangar da za ta tare ido. Na ɗaga ƙafa zan tsallake tudun laka in isa gare ta, sai ta daka mini tsawa.

"Kai ɓarawo ne? Bi ta ƙofa!"

Na koma gaban ƙofar, na tafa hannu, na yi sallama. Tana kallona ƙuru-ƙuru ta gefen ƙofar ta ce, "Wane ne?"

"Ubangidanki ne, Hajiyar da ba ta ga Makka ba."

"Au, bawana ne. Jira."

Ta ɗauki lokacinta, ta kwance makulli daga bakin mayafi, ta buɗe. Ta dafa mini gahawa a kurfoti. Ina sha ina duban ɗakin da ya rage. Tsagar da ke jikinsa, hannuna zai shiga har gwiwa.

Na ce, "Ɗaure kayanki. Ruwa na dawowa."

"Na sani. Ina jin sa a ƙafata. Amma ba na barin maƙwabci."

Maƙwabcin nata wani tsohon wanzami ne, gwauro, ba ɗa ba jika, shi ma jinin mutanen hanya. Tun da ruwa ya shigo ba a sake ganinsa ba. An nema har an gaji, ba a sami abin yi wa sutura ba.

Na ce, "Hajiya, mutumin nan ya riga mu gidan gaskiya."

Ta ce, "Yana nan. Ya sha katinka."

Ta ja ni zuwa ƙofarsa, koriya mai tsatsa. Ta ce wanzamin nan a rayuwarsa bai taɓa barin rubutun tawada ya kwana ba, duk abin da malam ya rubuta sai ya wanke a ƙoƙo ya shanye. Na duba. Katunan sauran ƙofofin sun bushe sun nannaɗe, tawada baƙa wuluk. Nasa fari fat, ko ɗigo babu. Na taɓa shi, sai ruwa mai sanyi ya gangaro mini har wuyan hannu. Ƙarfen ƙofar kuwa zafinsa ya isa gasa gurasa.

A matsayina na mai ilimi na yi mata bayani cewa raɓa ce.

"Raɓa da azahar? Malaminka ya yi asarar bulala." Ta nuna wani farin kati a ƙasan na farkon. "Wannan nawa ne. Na ga yana jin ƙishi na ƙara masa. Har rashin kunyar da ka rubuto mini ya shanye."

Na goge jiƙaƙƙen hannuna a jikin riga.

Ta ce, "Kun aiko masa da takarda kamar masu karɓar haraji. Ba wanda ya zo ya zauna. Ka manta yadda kakanni ke yi? In ayari zai tashi aka bar wani a baya, mara lafiya ne ko wanda aka binne, sai an je kansa an gaya masa an yi gaba. Ba a sulalewa a bar mutum yana jira. Ni mace ce, ba na shiga gidan gwauro. Namiji nake jira. Ban samu ba, sai kai."

Kogi na can bayan layin, ba na ganinsa amma ina jin numfashinsa. Na san in ban yi ba, a nan za ta kwana, ƙarƙashin bangon nan. Na gyara hulata, na tafa hannu, na yi sallama. Ba a amsa ba. Na ɗora tafina a ƙofar kawai, sai ta tafi ciki a hankali, ko ƙara babu.

A bayana na ji ta ce, "Da safe da sakata na gan ta."

Ban tambaye ta ƙarin bayani ba. Na tuɓe takalma na shiga. Filin duk ya bushe ya tsattsage, sai wuri ɗaya daidai faɗin buzun salla da yake jiƙe sharkaf. A gefensa ga ƙoƙo zaune daram, da sauran baƙin ruwa a gindinsa. Na durƙusa nesa kaɗan, don ba a zama a shimfiɗar mai gida.

Na gaishe shi yadda ake gai da babba. Ina wuni, ina gajiya, yaya muka ji da ruwa. Bayan kowace gaisuwa na bar masa wurin amsawa, don ladabi. A cikin wuraren nan da na bari, iska ma tsayawa ta yi. Daga ƙarshe na ce, "Malam, ayari ya tashi. Mun yi gaba, sai ka iso. Ka yafe mana." Na yi masa Fatiha, na fito da baya, na ja masa ƙofarsa.

Na tarar ta riga ta ɗaure ƙunshinta. Amma ta ce sai da ƙofarta.

"Me za ki yi da ƙofa? Gidana ba kango ba ne."

"Ka ce masa sai ya iso. In ya iso Umdurman, wace ƙofa ya sani?"

Na taka har bakin titi na samo masu amalanken jaki, suka tono ƙofar suka ɗora. Ta hau ta zauna a kanta kamar amarya. Ba mu kai ƙarshen layin ba na ji wani nishi a bayanmu. Na waiga. Ɗakin nan ne yake durƙusawa a hankali, kamar raƙumi zai sauke kaya. Ita ko juyawa ba ta yi ba. Bayan 'yan kwanaki kogi ya dawo ya shafe layin.

Yanzu tana gidana, ta ƙwace gadon da ya fi kyau, tana mulkinmu ni da matata. Malamar makaranta ta sake zuwa neman kati da wata ambaliyar ta auku, na ce zan rubuta, amma da biro, kuma ni zan kai da ƙafata.

Ƙofar tana jingine a bangon tsakar gida, bayanta ba komai sai bulo. Da damina gindinta kan jiƙe ko ba a yi ruwa ba, wanda na tabbata raɓa ce. In zan wuce nakan yi mata sallama, ba don tsoro ba, don tarbiyya. Ran nan na yi, na ɗaga ƙafa zan ci gaba, sai tsohuwar ta leƙo daga ɗaki.

"Ina za ka, bawana? Tsaya a amsa maka mana."